Daga Ɗan Kada Dodo zuwa Baban Rafi: wa ke da dajin nan?

  

Kafin in fara, ina son ku taimake ni da abu guda. Duk wanda ya taɓa shiga gandun daji da ƙafarsa, ba wucewa cikin mota ba, ya ɗaga hannu. To, na gani. Ba ku kai yawan yatsun hannu biyu ba. Wanda kuma ya sha shayin da aka dafa da gawayi cikin makon nan fa? Ai kun ga, har masu dariya sun ɗaga. Ke nan dukanmu muna cin daji kullum, a fada, a madafa, a wajen mai tsire, amma kaɗan ne cikinmu suka san fuskarsa. Abin da ya kawo ni ke nan yau.

Ni ɗan ƙasar Agye ne. Karatu ya kawo ni Maraɗi, aiki ya riƙe ni. A wajenmu akwai gandun daji guda biyu da suke manne da juna, Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado. Muna yara, in aka ce "gandu", abin da ke faɗo muna a rai shi ne wurin da ba a shiga da gatari. Ba mu taɓa tambaya ba wa ya shata shi, ko don me. Sai da na girma na gane cewa wannan iyakar tana da tarihi, kuma tarihin ya shafi yadda kakanninmu suka daina kallon itace a matsayin nasu.

Mu koma baya kaɗan. Bayan jihadin Shehu Usman Ɗan Fodiyo, Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya suka hauro arewa, suka kafa zama a Maraɗi wajen 1819, zamanin Ɗan Kasawa. Gobirawa su ma suka kafa Tsibiri wajen 1836. Me ya sa suka iya tsayawa nan shekara da shekaru ana kai musu hari? Akwai jarumta, ba a musu. Amma akwai daji. Tsakanin kwarin Gulbin Maraɗi da Katsina daji ne mai duhu, wanda rundunar dawaki ba ta ratsa shi yadda ta ga dama. Mutane suna cunkushe a bakin gulbi, bayan ganuwa da shinge, tudu kuwa an bar wa namun daji da mahalba. Kuma ba kowa ke shiga ba yadda ya so. Akwai sarkin dawa, akwai lokacin farauta, akwai buɗin daji da Anna suke yi kafin a ce an buɗe. Ko me mutum zai ce game da al'adar ta fuskar addini, ta fuskar tsari tana nufin abu ɗaya: daji yana da masu shi, yana da ƙa'ida, kuma masu ƙa'idar ƴan gari ne.

Da Faransawa suka zo yaƙe-yaƙe suka lafa, jama'a suka watsu kan tudu suna saran sabbin gonaki. Yawancin ƙauyukan da kuke jin sunansu da "Gidan wane" ko "Garin wane" daga nan suka samo asali: mutum ɗaya da gatarinsa da iyalinsa da rijiya. Sai ga haraji, wanda dole a biya da kuɗi. Sai ga gujiya, wadda ita ke kawo kuɗin. Maraɗi ta zama babbar kasuwar gujiya, gonaki suka yi ta cin daji.

Su kansu Turawan sun ga abin da ke faruwa, sai suka kawo maganinsu. Ranar 4 ga Yuli 1935 aka fitar da dokar daji ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Dokar ta ba gwamnati ikon shata wani yanki ta ce wannan gandu ne, ta kuma jera wasu itatuwa ta ce ba a taɓa su sai da izini, ko da a tsakiyar gonarka suke. Irin wannan tsari ne ya haifi gandaye kamar namu na Agye. Bayan mun samu ƴancin kai a 1960 ba a sauya tunanin ba, dokar 1974 ta bi sawun ta Turawa.

A nan nake son ku tsaya ku yi tunani irin na manomi. Gawo ya tsiro a gonarka. In ka bar shi ya girma, ba naka ba ne. Ka sare reshe don ka gyara rumbu, tara ce. Ka bar shi kuma, wani ya zo da dare ya sare, kai za a tambaya. To me mai hankali zai yi? Ya kashe shi tun yana ƙarami, kafin kowa ya gani. Ga kuma malaman gona na wancan lokaci suna koyar da cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, ba kututture, ba tsiro, don garmar shanu ta wuce. Kowace bazara a yi sassabe, a tara, a cinna wuta. Doka an yi ta don ta kare itace, sai ta mai da itace abokin gaban mai gona. Ban ce mugunta ce ba. Na ce wanda ya rubuta dokar bai taɓa zama ƙarƙashin gawo yana lissafin tara ba.

Sakamakon kuwa iyayenmu da ke nan sun gan shi da idonsu. Fari na 1973 da 1974. Sannan 1984, shekarar da mutanenmu suke kira El Buhari. Ku tambayi tsofaffi: iska tana tasowa ta binne shuka da rairayi, mutum ya yi shuka sau biyu, sau uku, har iri ya ƙare. Mata suna dafa tuwo da kara da kashin shanu, wanda da taki zai zama. Kana tsaye a bakin wannan gari kana hango wancan, babu abin da ya tare maka ido.

A watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kountché, nan cikin garin Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada, wanda ya fitar da abin da ake kira Alkawarin Maraɗi. Abin alfahari ne sunan garinmu ya shiga tarihi ta nan. Amma hanyar da aka fi sani a lokacin ita ce dashe: a reni ƴan itatuwa a leda, a kai daji, a dasa. An kashe kuɗi masu yawa, kuma kaɗan suka rayu.

Ni ma ba zan yi wa kowa dariya ba. Wata shekara, ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace, mu da abokaina na fada muka haɗa kuɗi, muka buga riguna, muka sayo dashe, muka je bayan gari. Mun dasa, mun ɗauki hoto, mun sa a Facebook, an yi ta yaba muna. Ba wanda ya tambaya cikinmu wa zai ba su ruwa in damina ta ɗauke, ko wa zai kare su daga awaki. Da na koma cikin watan Maris, ramukan ma da ƙyar na gane su. Kuɗin riguna sun fi na dashen yawa. Wannan laifinmu ne mu kaɗai.

To ana cikin wannan hali ne wani abu ya faru wanda duniya ta san shi, mu ƴan gida kuma da yawa ba mu sani ba. Wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aiki a Maraɗi tare da ƙungiyar SIM tun farkon shekarun 1980. Shi ma dashe yake yi, shi ma suna mutuwa. A 1983, yana kan hanyar ƙauye da lodin dashe, ya tsaya don ya rage iskar taya saboda rairayi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a gefen hanya, irin wanda muke tsallakewa kullum. Da ya duba ganyen, sai ya ga ashe ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare, kututturen yana da rai, yana ta tofo kowace shekara ana sake sare shi. Saiwar tana can ƙasa da zurfinta, ta riga ta kai ga danshi. Ya duba gabas da yamma, irinsu ba su ƙirguwa. Daji yana nan, ƙarƙashin ƙasa yake.

Abin da ya biyo baya shi ne muke kira sassabin zamani. Aikin ba wuya. In ka zo sassabe ka tarar da kalgo ko sabara ko gawo ya tofo, kada ka share duka. Ka zaɓi rassa biyu zuwa biyar da suka fi ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu ƙananan rassan ƙasa, da wuƙa ko gatari mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Shi ke nan. Ba leda, ba ban ruwa, ba jiran wani ya kawo kuɗi daga waje. Tunda saiwar tsohuwa ce, cikin shekara biyu ko uku sai ka ga itace ya fi ka tsawo, alhali dashe yana nan yana fama da rai.

Da farko an yi wa masu yi dariya, ana ce musu masu ƙazamar gona, malalata. Yunwar 1984 ce ta buɗe ƙofa, domin an haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itace a gona. Da yunwa ta wuce, da yawa suka sake sarewa. Amma wasu sun riga sun ga bambanci: shukarsu ba ta binnewa, matansu sun huta da tafiyar neman itace, dabbobinsu suna da abin ci da rani. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya.

Ina son in yi adalci a nan. Bature ya tuna muna, ya kuma dage, kuma ya cancanci lambar yabon Right Livelihood da aka ba shi a 2018, shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. Amma barin gawo a gona ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san gawo yana zubar da ganye da damina, lokacin da hatsi ke son rana, ya yi kore da rani, lokacin da dabba ke son inuwa da ƴaƴansa. Sun san hatsin gindin gawo ya fi na fili zangarniya. Ilimin yana nan, tsoro ne ya danne shi. Abin da ya sauya shi ne manomi ya fara yarda cewa itacen da ya rena nasa ne.

Misali mafi kusa da ni shi ne Ɗan Saga, a ƙasar Agye. Mutanen garin sun gane cewa renon itace ba shi da amfani in ɓarawo zai sare da dare. Sai suka kafa kwamitin tsaro na gari, suka sa mata a ciki, suka sa Fulani makiyaya, suka yi ƙa'ida da kansu, suka samu goyon bayan hukuma da aikin raya karkara da asusun FIDA ya tallafa. Ku lura da sa makiyaya a ciki. Da an bar su waje, da kowane itace ya zama dalilin faɗa. Yau baƙi daga ƙasashe daban-daban suna zuwa Ɗan Saga koyon aiki. Ku nawa ne kuka taɓa zuwa? Ga shi nan kusa.

Da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, suka bi ƙasa suka tabbatar, sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram, hekta wajen miliyan 5 sun sake yin itace ta wannan hanya, itatuwa kusan miliyan 200. Talakawa ne suka yi, da gatari da lauje. Doka ce ta biyo su daga baya: tsarin dokokin karkara na 1993, sabuwar dokar daji ta 2004, sannan dokar 30 ga Yuli 2020 wadda ta tsara sassabin zamani ta kuma amince da haƙƙin mai gona kan itacen da ya rena.

Yanzu ga abin da ke damuna. Gona ta yi kore, gandu kuma yana ramewa. Itacen da ke da mai shi ya rayu, wanda aka ce na gwamnati ne, wato na kowa, shi ne kowa ke yanka. Ku je Ɗan Kada Dodo ku gani. Sabara da geza da taramniya suna nan, amma manyan itatuwa irin ƙirya da marke sai ka yi tafiya kafin ka ga ɗaya, domin ƙirya ita maƙera da masu turmi da masu gawayi ke nema. Inda ciyawar kiwo take, garmani ya mamaye, shi kuwa dabba ba ta damu da shi ba. Gonaki suna matsowa ta kowane gefe. Kuma kada mu yi saurin zagin manomi: ƙidayar 2012 ta ba jihar Maraɗi mutum sama da miliyan 3 da dubu 400, ta fi kowace jiha cunkoso in ka cire Yamai, gonar da uba ya noma shi kaɗai yau ƴaƴa takwas ke rabonta.

Haka zancen yake a kwarin Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ta wajen Gazawa ya nufi Mayahi. Sunansa ma daga kaba ya samo. Goruba ita ce arzikin wurin: tabarma, igiya, faifai, ƴaƴan da yara ke gwaguya, ginshiƙin ɗaki. Amma in ana yanke kaba tun tana ƙasa kowace shekara, ba a barin ko ɗaya ta miƙe, to wace ce za ta zama goruba gobe? Tsofaffin suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Namun daji fa? Kakata tana ba mu labarin kura tana kuka bayan gari, har ba a barin ɗan akuya waje. Mahalban da suka tsufa suna lissafa barewa, gada, mugun dawa, tuje. Yau abin da ya rage a wajenmu ƙanana ne: zomo, kurege, bushiya, dila, damo, guza, zabin daji da fakara, sai jan biri a inda daji ya ɗan yi kauri. Tsuntsaye ne har yanzu ba su yashe mu ba. Shamuwa tana zuwa ta gaya muna damina ta kusa, cilakowa tana nan. Amma ku gaya mini, yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta? Muna yara ba a ƙirga su. Guba da masu sayen sassan jikinta sun kusa gamawa da ita a duk Afirka ta Yamma, mu kuwa ba mu ma lura ba.

Akwai labarin da in na faɗa wa ƙannena sai su ce tatsuniya ce. A cikin shekarun 1980 garken giwaye ya hauro daga Najeriya ya shiga dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi, dajin da ya taɓo ƙasar Madarunfa da ta Gidan Rumji. Giwaye, a nan, tafiyar da ba ta kai yini ba daga inda muke zaune. Sun yi shekaru suna kai da komo a kan iyaka. Manoman wurin ba su ji daɗinsu ba, kuma suna da gaskiya, domin giwa in ta shiga gonar dawa dare ɗaya ya isa. Daga baya suka ɓace daga yankin. Yanzu in ɗan Maraɗi yana son ganin babban naman daji a jiharsa, sai ya nufi arewa, gandun Gadabeji a ƙasar Bermo, wanda aka kafa a 1955, UNESCO ta sa shi cikin jerinta a 2017, aka kuma kai masa raƙuman dawa takwas daga Kure a 2018.

Baban Rafi kuma shi ne ya daɗe yana ciyar da murhun Maraɗi. Tun cikin shekarun 1990 aka kafa kasuwannin itace na karkara, don ƙauyukan gefen daji su riƙa sara bisa ƙa'ida, su sayar, wani kaso na harajin ya koma gyaran daji da aikin gari. Tunani ne mai kyau. Amma kun san abin da sunan Baban Rafi yake tunawa mutane a yau. Ƴan bindiga, satar shanu, garkuwa da mutane. Tun 2019 dubban ƴan uwanmu daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako suka fake a ƙasar Gidan Rumji, har aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Su ma dole su dafa abinci, dole su yi bukka. Dajin da ya kare kakanninmu daga mahara, yau mahara ne ke fakewa cikinsa.

Na ji wasu, har da masu ilimi, suna cewa a share dajin kawai a huta. Na fahimci zafin da ke sa mutum ya faɗi haka, wanda aka ɗauke wa ɗa ba za ka yi masa wa'azin itace ba. Amma ban yarda ba. Ɗan bindiga yana kan babur, in ka share nan gobe yana can. Wanda ba ya iya gudu shi ne makiyayin da ya rasa makiyaya da matar da ta rasa itacen girki, kuma ɗan makiyayin da ya rasa komai kun san wa ke jiransa da tayi. A ganina dajin da mutanen kirki suka daina shiga shi ne ɓarayi ke gada.

Shi ya sa maganar fita yawon daji, wadda wasu ke ɗauka wasan ƴan birni ne, ni ban ɗauke ta wasa ba. Ba ina cewa ku ɗauki jaka ku nufi Baban Rafi ba. Kada wanda ya yi haka, kuma kada wanda ya ce ni na aike shi. Amma wajen Agye da Gazawa, a kan babbar hanya, ana iya zuwa a dawo a yini guda, in an tambayi halin da ake ciki kafin a tashi. Lokacin da ya fi daɗi shi ne bayan girbi zuwa sanyi, daga Nuwamba zuwa Janairu: magarya ta nuna, aduwa tana zuba, gawo ya yi ganye. A fara da gaida mai gari, a sanar da ma'aikatan gandun daji, a nemi dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya su yi muku jagora, kuma a sallame su da abin kirki, domin iliminsu ba na banza ba ne. Ku bar danƙo da bindigar toka a gida, dokar farauta ta 1998 tana nan. In kun dafa shayi ku kashe wutar da ƙasa har ta mutu, wutar daji guda tana cinye abincin dabbobin gari na shekara. Ledar ruwa kuma ku dawo da ita cikin aljihu.

Wayar da ke hannunku ma tana da aiki. Ku ɗauki itace, ku tambayi sunansa da amfaninsa, ku naɗi muryar tsohuwar in ta yarda. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke cikinmu, ku kun san sunan Latin, ita ta san wane saiwa ake ba mai jego da wane ganye ake ci in rumbu ya ƙare. Na taɓa fita da wasu samari, na nuna musu anza, ba wanda ya gane ta. Ita ce fa ta riƙe ran kakanninsu a shekarun yunwa, ana jiƙa ƴaƴanta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita kafin a ci.

Sannan yawancinku kuna da gona a ƙauye, ko ta gado ko ta iyaye, ko da ba ku taɓa riƙe hauya ba. Bazara mai zuwa, lokacin sassabe, ku je da kanku. In nisa ya hana, ku kira wanda ke yi muku aikin ku ce a bar muku kututture ashirin, a gyara su yadda na faɗa. Ni na yi haka a gonar mahaifina shekara huɗu da suka wuce. Baffana ya ce boko ya taɓa mini kai, ya ce tsuntsaye za su taru su cinye hatsi. Bana da na je, a gindin ɗaya daga cikin kalgon nan na tarar da shi ya shimfiɗa buzu yana hutawa. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Masu tambaya, bismillah. Baba da ke can baya na ga tun ɗazu kana girgiza kai a kan zancen giwaye, kai za mu fara ba.